Sitarnin Alhaji Tankari

Duk wanda ya tashi a Gaya ta bakin iyaka yana sayar da isansi, wato fetur, a kwalba, kamar yadda na tashi, ba ya karɓar jarka daga hannun kowa sai ya girgiza ta, ya sansana, ya tsoma yatsa ya duba ko an sirka da kananzir. Ko uwarku ɗaya da mai jarkar, sai ka duba. Da wannan hali na girma, da shi na koyi tuƙin babbar mota, kuma da shi na tafi Gabon. Mutane suna cewa Hamidu ya cika zargi. Ni kuwa cewa nake ido gare ni.

Mota ce ta kai ni. Alhaji Tankari, mutumin Tanda, abokin kawuna ne tun suna samari, kuma ya daɗe a Por-Janti, garin da ake haƙar mai a bakin teku. Da ya zo Babbar Salla cikin shadda mai ƙamshi, ya nuna mini hoto a wayarsa: farar sitarni, wato motar dakon mai, da shuɗin zane a jikinta, tayoyi sababbi ƙal. Ya ce tana kai gazuwal, wato man dizal, wuraren haƙa, direbanta ya koma ƙasarsu, shi kuma ɗan gida yake so. Ni lokacin na shekara da shekaru ina direba na biyu a motocin mutane tsakanin Kwatano da Gaya. Maigidan mota ya gaji ya ba ni, ya farka ya karɓe. Ban taɓa samun wadda za a ce tawa ce in tuƙa ba. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "In ka iso, makulli na hannunka." Sai bayan damina na gama haɗa guzuri na bi shi.

A tashar Faraku na haɗu da Garba. Wani siririn mutum ne ɗan Karakara, mai ƙarancin magana, yana zaune kan buhunsa yana cin rogo. Da na ji Hausarsa ta gida na yi masa sallama, muka gaisa, na tambaye shi inda ya nufa. Ya ce Gabon, wurin wani Alhaji Tankari. Nan take na fara zarginsa, don direba ɗaya Alhaji ya ce yana nema.

Na ce, "Kai ma tuƙi ka kai?"

Ya ce, "A'a, ni bakanike ne. Gyara ni kai."

Na dubi hannuwansa. Akwai baƙin mai a ƙarƙashin farce, amma direba ma yana da shi. Na yi murmushi na ce Allah ya kai mu lafiya, a raina kuwa na ce zan gani.

A Kwatano na san hanya, na san masu abinci, na san inda ake kwana, amma teku ban san ta ba sai daga nesa. Aka haɗa mu da wani dillali mai baƙin tabarau da ake kira Kaftin, wanda daga baya na ji ko wanka ba ya yi a teku. Ya kai mu bakin tashar jiragen ruwa, ya miƙa hannu ya nuna wani ƙaton jirgi mai bene, ya ce wancan ne namu. Na tambaye shi sunan jirgin, sai ya hau amsa waya. Ranar tafiya aka kwashe mu a mota zuwa wani ƙauyen masunta, muka tarar da kwalekwalen katako mai inji biyu, an shaƙe shi da buhunan gari da mutane. Kaftin ya ce wannan ne zai kai mu wurin babban. Har yau muna kan hanyar zuwa wurin babban.

Kafin mu shiga, yaransa suka kawo jarkunan ruwan sha suna sayarwa. Na buɗe ɗaya na kai hanci, na ji isansi ya taɓa kwana a cikinta, na mayar musu. Na koma cikin ƙauyen na sayi ruwa a leda na ƙunshe a riga. Garba ya ce ina da wahalar sha'ani, ya sayi jarkarsa. A kan teku duk wanda ya sha ruwan Kaftin sai da ya amayar da abin da ya ci tun a Benin. Na raba nawa da Garba, ba don na yarda da shi ba, sai don ba a barin ɗan gida ya mutu da ƙishi mutum yana kallo. Amma na ji daɗi a raina. Na ce to, ga amfanin zargin nan da ake zagina a kansa.

Ni ɗan bakin kogi ne, na yi iyo a Isa tun ban iya ɗaura wando ba, amma teku wani abu ne daban. Ba gaɓa, ba tsuntsu, ba inda za ka kafa ido ka huta. Kwalekwale ya hau ya sauka, cikina ya bi shi. Wata mata ƴar Togo da ke zaune kusa da ni da goyonta ta ga yadda na koma, ta yanka lemon tsami ta miƙo mini rabi. Na karɓa na riƙe a hannu. An sha ba mu labarin masu sa wa matafiya magani a abinci su kwashe musu kaya, don haka na yi ta juya shi ina kallonta ta gefen ido. Sai da na ga ta matsa ɗaya rabin a bakin ɗanta, yaron ya yamutsa fuska, sannan na tsotsa. Ta lura da abin da na yi. Ba ta ji haushi ba, dariya ta yi, ta ce wani abu da harshensu, matan da ke bayanta suka taya ta. Ban san sunanta ba, amma lemon nan shi ya tsayar mini da ciki.

Wata safiya aka shiga da mu cikin wasu itatuwa da ke tsirowa a ruwa, aka ce mu sauka da sauri, ga Gabon nan. Muka diro cikin taɓo har gwiwa, kwalekwale ya juya. Muka yi ta tafiya har muka fito wani ƙauye, muka tarar da wani Bahaushe yana hura wutar tsire. Garba ya yi masa sallama ya tambaye shi motar Libarbil, babban birnin Gabon. Mutumin ya ajiye mafici ya dube mu daga sama har ƙasa, ya ce, "Ku ma? Bayin Allah, nan Kamaru ne." Ya ba mu ruwa muka wanke ƙafa, ya ba mu tabarma a bayan rumfarsa. Na kwana da jakata a ƙarƙashin kai, igiyarta ɗaure a wuyan hannuna, don na ce mai yawan alheri haka ba a rasa abin da yake nema. Ba abin da ya nema.

Mun daɗe a ƙauyen nan muna dakon kwandunan kifi don mu ci. Abin da ya fitar da mu shi ne injin wani masunci da ya ƙi tashi. Garba ya zauna a kan yashi ya warware shi kaf, ya mayar, ya ja igiya, inji ya ɗauka. Masuncin ya ce zai tsallaka da shi kyauta. Garba ya nuna ni ya ce mu biyu ne. Na gode masa, kuma har zuciya na gode. Amma ina zaune a kwalekwalen ina tunani: to, bakanike ne da gaske, amma wane bakanike ne bai iya tuƙi ba?

Por-Janti ba a shigarta ta mota a lokacin, sai ta ruwa ko ta sama. Gari ne shimfiɗe a kan yashi, ruwan sama ba ya gajiya da shi, kuma daga bakin teku kana hango harshen wuta yana ci a kan ƙarafa can cikin ruwa. Abin da na fara lura da shi shi ne gidaje masu kyau a rufe, da alluna an rubuta ana neman mai haya. A bakin tasha kuma ana ta loda akwatunan Turawa. Na ce a raina masu kuɗi ba sa zama wuri ɗaya, ban kawo komai ba.

Alhaji ya tarbe mu hannu bibbiyu. Gidansa gidan mai masauki ne irin na mutanenmu a ƙasar waje. Duk wanda ya zo daga gida, ɗan Gaya ne, ɗan Junju ne, ɗan Kamba ne, nan zai sauka, nan zai ci, ba a tambayarsa yaushe zai tashi. Zauren cike yake da tabarmi da jakunkuna. Aka kawo shinkafa da miyar nama, na ci har na ji kunya. Da na wanke hannu na ce, "Alhaji, ina motar?"

Ya ce, "Haba ɗana, ko taɓon hanya bai bar ƙahwarka ba. Mota na nan. Aiki ne ya ɗan tsaya, mai ya hwaɗi a kasuwar duniya. Kwana kaɗan ne."

Wannan magana ita ce ta fara tsaya mini a rai. A Gaya idan isansi ya faɗi, ranar salla ce. Ƴan kabu-kabu su cika tanki, motoci su yi ta zirga-zirga, mai kwalba ya sayar da ninkin abin da ya saba. Arha ita ke kawo aiki. Yaya za a ce mai ya yi arha, sannan motar dakon mai ta zauna? Na dubi Alhaji, ya kau da kai yana neman carbinsa.

Kwana kaɗan bayan haka na kusa shan duka a kan wannan lissafi nawa. Akwai wata rumfar abinci a bakin unguwar, ta wata dattijuwa ƴar ƙasar da ake kira Maman Odet, nan nake zuwa shan kafe da safe don in rage zaman zaure. Kullum akwai maza zaune, wasu da rigunan aiki masu ruwan lemo, ba sa sayen komai sai kallon titi. Rediyo ya ce farashin gangar mai ya sake sauka, masu saye sun ja baya. Ni da ɗan Faransancina na hanya na ji an ce mai ya ƙara arha, sai na tafa hannu na ce mun gode Allah, da ƙarfi, yadda za a yi a tashar Gaya. Mazan suka juyo suna harara ta. Wani ƙato ya miƙe, kujerarsa ta faɗi, ya nufo ni yana faɗin abin da ban so in fassara. Maman Odet ta shiga tsakani da ludayi a hannu, ta finciki rigata ta tura ni bayan tukwane.

Da suka lafa ta zaunar da ni ta ce, "Kai Awusa, mahaukaci ne kai ko baƙo?" Na ce baƙo. Ta ce mutumin nan shekara da shekaru yana aiki a kan teku, watan jiya aka sallame shi, ƴaƴansa sun bar lakkol, wato makaranta. Ta ce a nan ba sayen mai ake yi ba, sayar da shi ake yi, kuma manyan ƙasashen da ke saye sun rage, ga shi ya yi yawa a kasuwa, sai kamfanoni suka daina haƙa sabbin rijiyoyi. In ba a haƙa, ba mai ɗaukar direba, ba mai hayar gida, ba mai sayen kafenta. Ta ƙara mini burodi ba ta karɓi komai ba. Na gode mata, na ba mutumin haƙuri. Amma ina fita na ce a raina, wannan bayanin rediyo ne. Abu ya yi arha a rasa mai saye, ban taɓa gani ba. Wataƙila su an sallame su don wani dalili, mu kuma ana fakewa da su.

Kwanaki suka yi ta wucewa, kwana kaɗan ɗin Alhaji ya zama watanni. Duk lokacin da na tambayi mota, akwai amsa a shirye. Yau tana gareji ana duba birki. Gobe an kulle filin da take, mai gadi ya yi tafiya. Jibi takardunta suna wurin wani Bature. Ni kuwa ina lura da abubuwa biyu. Na farko, tukunyar gidan ba ta canja ba. Mu fiye da a ƙirga a zaure, ba mai kawo ko albasa, amma kullum akwai shinkafa, kuma ba a rasa nama ko kifi a kai. Mutumin da aikinsa ya tsaya ba ya ciyar da zaure haka. Na biyu, Garba. Kowace safiya bayan an karya, Alhaji zai leƙo ya yafuto shi, su fita tare. Da la'asar Garba ya dawo hannuwa baƙi ƙirin, yana warin gazuwal, ya wuce bayan gida ya yi ta gurzar jiki da sabulu. Ya daina haɗa ido da ni.

Na haɗa wannan da wancan, lissafi ya fita sarai. Mota tana aiki, Garba ke tuƙa ta, da kuɗinta ake cika mana ciki don mu yi shiru. Ni an ajiye ni ne don kunyar kawuna, har in gaji in tafi da kaina. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna ruwan ledar da na raba da shi a teku, na ji kamar in ce ya amayo mini.

Kewar gida kuma ta sa ni gaba. A garin nan komai rogo ne da ayaba, rana ba ta fitowa ta gasa mutum yadda ya saba, tufafi ba sa bushewa. Na yi marmarin fura mai sanyi, da kifin Isa soyayye a bakin gada, da hayaniyar tasha ranar kasuwa. Matata Hajara takan kira ni, ta ce maƙwabta suna tambaya yaushe zan turo hotona a cikin mota, don kawu ya riga ya baza wa duniya cewa Hamidu ya zama direban kamfani. Nakan ce mata waya ce ba ta ɗaukar hoto da kyau. Ita ma ƴar Gaya ce, sai ta ce, "To, Allah shi gyara wayar."

Wata rana na tare Garba a bakin famfo. Na ce, "Garba, tsakaninka da Allah, ina ku ka zuwa kai da Alhaji?"

Ya ci gaba da wanke hannu. Ya ce, "Aiki ne."

"Wane aiki? Ba an ce aiki ya tsaya ba?"

"Hamidu, Alhaji ya ce kar in hwaɗi. Ka yi haƙuri."

"Motata ce ko?"

Ya ɗago ya dube ni, idanunsa suka kaɗa, ya ce, "Ka tambayi Alhaji." Wannan kallo na ɗauke shi a matsayin amsa. Na ce masa na gode, Allah ya saka wa kowa da abin da ya yi, na bar shi nan tsugune.

Washegari da suka fita na ba su rata na bi bayansu. Na zaci taksi za su shiga, sai na ga sun miƙe a ƙafa, Alhaji da babbar rigarsa yana tsallake kududdufai. Wannan ya ɗan ba ni mamaki, don a Gaya ko masallaci da mota ya je. Muka bar unguwa, muka bi wata doguwar hanya ta bayan tashar jiragen ruwa, inda kamfanoni ke da filayensu. Ƙofa bayan ƙofa a rufe da sarƙa. Ta cikin waya ina hango bututu jibge sun yi tsatsa, da manyan motoci a jere, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu har ta kai ƙofa. Ba motar mutum ɗaya ba, ba ta biyu ba. Wani akuya yana kwance a inuwar wata motar ɗaga kaya. Tun nan na fara shakkar lissafina, amma na ce bari dai in ga tawa.

Suka shiga wani fili ta ƙaramar ƙofa, na dakata kaɗan na bi. Na gane ta tun daga nesa saboda shuɗin zanen. Tana ɗore a kan guntayen katako da bulo, ba taya ko ɗaya. Ba fitilu, ba madubi, ba ƙofar gefen karen mota. An buɗe gabanta, wayoyi suna reto. Garba ya riga ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai ake gani. Alhaji ya tuɓe babbar riga ya rataye, yana tsaye da singileti yana ciniki da wani mutum a kan wani ƙarfe da ke ƙasa. Tsufansa duk ya fito, ban taɓa lura da cewa ya rame haka ba.

Na ce, "Salamu alaikum."

Alhaji ya juyo. Bai firgita ba, bai kuma yi fushi ba. Ya sallami mai cinikin, ya zauna a kan wata tsohuwar jarka, ya ce, "Ka zo. To, ga motarka."

Na ce, "Alhaji, mi ya samu tayoyin?"

Ya ce, "Mun cinye su."

Na ce, "Kamar yaya?"

Ya ce, "Tayoyi su munka hwara ci, tun kahin ku iso. Batir ya kai mu sati biyu. Naman da kac ci ranar da kaz zo, fitilu ne. Kamfanin da ni ka yi wa dako ya naɗe kayanshi, ba mai sayen sitarni a garin ga yanzu, kowa tashi shi ka son saidawa. Amma gunduwa-gunduwa ana saye, masu kai wa Kamaru na zuwa."

Na ce, "To mi ya hana ka hwaɗa muna? Mi ya hana ka ce kowa shi kama gabanshi?"

Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "In ce wa baƙo tukunya ta ƙare? A gidana? Ubana bai yi ba a Tanda, ni ba ni hwarawa a ƙasar wasu. Waɗanga yara da ka gani a zaure, uwayensu ni sunka sani. In na kore su ina za su, ba takarda, ba aiki?" Ya nuna ƙafafun Garba. "Wanga na jawo don ya iya kwance ƙarhe, kuma bakinshi na da nauyi. Kai kuwa ban iya kallon idonka in ce ka zo ka taya ni yanka ta."

Garba ya fito daga ƙarƙashin mota ya zauna a ƙasa, yana goge hannu da tsumma. Na ji kunyar zargin da na yi masa. Amma halin mutum ba ya barinsa a rana ɗaya. Akwai tambaya guda da ta rage, kuma sai da na yi ta.

Na ce, "Alhaji, ranar da kan nuna mini hoton ga a Gaya, ka san mai ya hwara hwaɗuwa?"

Ya gyara zama a kan jarkar. Ya ce, "Na ji ana hwaɗi. Na ce irin namu ne na gida. Ka san yadda mu kai: in ya yi arha ka saya ka ɓoye, ka jira a ruhe iyaka ko a yi ƙaranci a Kamba, sati biyu ya tashi. Na ce wanga ma haka ne, wanda ya yi haƙuri shi ka cin riba. Har mota ta biyu na so in ƙara. Ban san shi wanga ba shi da iyakar da za a ruhe ba."

Na yi ta juya maganar nan, a lokacin da kuma bayansa. Rabina ya yarda, don da ni ne a matsayinsa lissafin da zan yi ke nan, ni da na tafa hannu a rumfar Maman Odet. Rabina kuwa har gobe yana cewa Alhaji ya san fiye da abin da ya faɗa, ya dai so ya ga zaurensa cike, a ce a gida har yanzu shi ne. Ban taɓa raba gardamar nan ba. Abin da na sani shi ne na tsallake teku, na sha taɓon Kamaru, na yi wa matata ƙarya, kuma duk watannin nan da nake zargin an ba wani motata, ni nake cin ta da hannuna, har ina ƙari.

Alhaji ya miƙe ya ɗauko babbar rigarsa ya laluba aljihu. Ya fito da makulli, ɗaure da wani ɗan zare, ya miƙo mini. Ya ce, "Inji ya rage, shi ne mai tsada, da shi ni ka son in sallami yaran ga su koma gida, kai ma ciki. Garba na tsoron shi ɓata wani abu wurin hidda shi. Kai ka san sitarni. Amma mai sayen sitiyari na zuwa da azahar, ka hwara da shi."

Na karɓa. Na taka ƙarfen hawa na shiga, na zauna a kujerar direba. Kujera ce mai kyau, ba ta lotsa ba, ta karɓi bayana daidai. Na gyara zama, na ɗora hannu biyu a kan sitiyari, na dubi gaba ta gilashi. Ba komai a gaban sai katanga da ciyawa. Na sa makulli na murɗa, ko da yake na san ba batir, na ji ɗan ƙaras ɗin nan, shi ke nan. Na daɗe a haka, su biyun suna ƙasa, ba wanda ya ce in yi sauri.

Daga nan na leƙa ta taga na ce, "Garba, miƙo mini sifana."